Tarihin Aikin Famfo a Kano: Daga Bakin Rijiya zuwa Kan Besin

Aikin famfo yana cikin sana'o'in da suka zo wa ƙasar Hausa a makare, domin da ƙyar ya cika shekara 100 a birnin Kano, alhali gini da ƙira da jima da rini sun riga shi da ƙarnoni, kowacce da zuriyar da ta gaje ta, da unguwar da aka san ta da ita, da kuma sarkin sana'a da ke tsaye tsakanin masu yin ta da fada. Mai aikin famfo, wanda mutanen birni ke kira filamba, bai gaji ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma rashin gadon ya yi tasiri a kan yadda ake koyon aikin da yadda ake yin sa har yau. Babu inda tasirin ya fi fitowa fili kamar wajen ɗaura kan famfo a kan besin, wato kaskon tangaran da ake kafawa a bangon banɗaki don wanke hannu da fuska, musamman idan fuskar besin ɗin ba a miƙe take ba. Aiki ne da ba ya cin sa'a guda, amma gane dalilin yawan ɓacinsa sai an koma zamanin da babu bututu ko ɗaya a cikin ganuwa.

Kafin zuwan Turawa, ruwan Kano daga rijiyoyi yake fitowa, na cikin gida da na unguwa, sai kududdufai, wato ramukan da aka haƙi ƙasar gini daga cikinsu suka zama matattarar ruwan damina, sai kuma rafin Jakara da ya ratsa birnin ta gefen Kasuwar Kurmi. Baturen nan Clapperton, wanda ya sauka Kano a 1824, ya ba da labarin fadamar da ta kusa raba birnin biyu da irin ƙazantar da ake zubawa a cikinta. A wancan tsari ruwa abu ne da ake ɗauka a kai inda ake bukatarsa: a jawo da guga, a ɗauko a tulu, a juye a randa, a kamfata da moɗa, a cika buta don tsarki da alwala, a kai ƙwarya ko kwatarniya makewayi don wanka. Makewayin kansa a ƙuryar gida ake yin sa, nesa da ɗakin kwana da wurin girki, ruwan da aka yi amfani da shi kuma ya bi rariya ya fice ta gindin katanga. Rariya da indararo aikin magina ne, rijiya tana da mahaƙanta, tulu da randa na masu ginin tukwane ne, gugan fata kuma na dukawa. Abin da babu wanda ya taɓa fama da shi a cikinsu shi ne ruwa mai matsi, wanda ke tsaye cikin bututu dare da rana yana neman mafita, kuma riƙe irin wannan ruwa shi ne ainihin sana'ar famfo.

Shi kan famfo tsohon abu ne a wasu sassan duniya. Rumawa sun yi amfani da toshi na tagulla mai huda a tsakiya, wanda idan aka juya shi hudar ta yi daidai da bakin bututu sai ruwa ya wuce, idan aka mayar da shi kuma ya tsaya. Masana na duniyar Musulmi sun ci gaba da wannan fasaha, daga 'ya'yan Musa bin Shakir su uku a Bagadaza a ƙarni na 9 zuwa al-Jazari, wanda ya kammala littafinsa na na'urori a 1206, ya kuma bayyana a ciki wasu na'urorin zuba ruwa don wanke hannu. Sai dai toshin juyawa yana da aibi biyu, domin yakan datse ruwa farat ɗaya har bututu ya girgiza, kuma yakan fara yoyo da zarar ya ɗan ci. A 1845 kamfanin Guest and Chrimes na garin Rotherham a Ingila ya fito da kan famfo na murɗawa, wanda sandarsa ke sauka sannu a hankali tana danna washa, wato ɗan faifan fata ko roba, a kan bakin hudar ruwa. Shekara huɗu kafin nan, a 1841, Joseph Whitworth ya tsara ma'auni ɗaya na haƙoran sukuru da noti, wanda daga gare shi aka samo ma'aunin haƙoran bututu na Ingila. Wannan ne ya sa har gobe mai sayen kayan famfo a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari yake neman na rabin inci ko na inci ɗaya, duk da cewa ƙasar ta daɗe da komawa lissafin mita.

Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, kuma da shi ne kayan ƙarfe masu nauyi suka fara samun hanyar shigowa cikin sauƙi. A wannan zamani ne garwa, wato gwangwanin kananzir mai cin galan 4, ta fara ƙwace wa tulu matsayinsa a hannun masu sayar da ruwa. Ikko ta riga Kano samun ruwan famfo, domin an buɗe matatar Iju a 1915, amma na Kano yana da abin da ya bambanta shi, wato da kuɗin baitulmalin En'e, hukumar gargajiya ta masarauta, aka yi shi, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953. An fara aikin a ƙarshen shekarun 1920, zuwa farkon shekarun 1930 kuma ruwan kogin Chalawa ya fara zuba a cikin birni, ana tace shi a bakin kogin, a tura shi da inji zuwa tankin da aka gina a kan Goron Dutse, daga can ya gangaro wa unguwanni da nauyin kansa.

Famfon da talakan birni ya fara sani na bakin titi ne, wanda ake ɗaurawa a kan bututun ƙarfe a kafe shi cikin siminti, jama'a su yi layi da garewani da bokitai. Irin wannan famfo ba ya rawa, domin ƙarfe ne ya ciji ƙarfe, kuma gwanintar da yake bukata ita ce ta yanke bututu, da fitar masa da haƙora da abin yankan haƙora, da naɗa zaren rama a shafa fenti kafin a ɗaure, yadda ruwa ba zai bi ta tsakanin haƙoran ba. Waɗanda suka fara yin aikin ma'aikatan sashen ayyuka na gwamnati ne da na En'e, da yawansu kuma baƙi ne daga kudancin Najeriya da sauran ƙasashen gaɓar teku da suka zauna a Sabon Gari, 'yan ƙasa kuma suka shiga a matsayin leburori da masu riƙe kayan aiki, suka koya da ido. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ƙarƙashin shirin raya ƙasa na shekara 10 da aka fara a 1946, an buɗe cibiyoyin koyon sana'a, ciki har da ta Kaduna, aka kuma tsara jarrabawar gwajin sana'a mai matakai uku. Amma waɗanda suka bi ta makaranta ba su taɓa rinjayar waɗanda suka tashi a hannun maigida ba, kuma yaron da ya koya a hannun maigida yakan ɗauki abin da ya ga ana yi ne, ba lallai ya ji dalilin yin sa ba.

Besin bai zama kayan gidan Bahaushe mai matsakaicin hali ba sai a shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji na 1974 suka haɗu da yawaitar ginin bulo da siminti, aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a zamanin Gwamna Audu Bako, aka kuma gina rukunonin gidaje irin na Kundila. A sabon tsarin gini banɗaki ya baro ƙuryar gida ya shigo jikin ɗakin kwana, wanda babban sauyi ne a al'ada, kuma dattawa da yawa ba su karɓe shi da daɗin rai ba. Sai dai kayan da aka shigo da su an ƙera su ne don mutanen da ke wanke hannu da fuska a tsaye, ba don masu alwala sau biyar a rana ba. Buta ba ta bar gidan ba, bokiti ma haka, kuma magina masu lura sukan ƙara wani famfo a ƙasa jikin bango don cika su da wanke ƙafa. Inda ba a yi haka ba, besin ne ke ɗaukar nauyin da ba a yi shi dominsa ba: a dafa shi a sunkuya, a ɗora masa ƙafa, a tura buta ƙarƙashin bakin famfon ana turo shi sama, yara kuma su rataya a jikinsa. Kan famfon da ke banɗakin Kano yana shan ja da turi fiye da ɗan'uwansa na ƙasar da aka ƙera shi, don haka zamansa daram ya fi muhimmanci a nan.

Dalilin rashin miƙewar fuskar besin yana cikin yadda ake yin sa. Ana dama farin yumɓu da wasu duwatsu da aka niƙa har su zama ruwa-ruwa, a zuba cikin mazubin da ke tsotse ruwan, a fitar da kaskon a shanya, a fesa masa maganin sheƙi, sannan a gasa shi a wuta mai zafin kusan digiri 1,200. Tsakanin shanya da gashi kaskon yakan tsuke da kusan kashi ɗaya cikin goma na girmansa, kuma ba ko'ina yake tsukewa daidai ba, kamar dai yadda mai ginin tukwane ya san randa biyu da suka fito daga wuta ɗaya ba sa zama daidai wa daida. Saboda haka dandamalin da aka huda don kan famfo yakan fito da ɗan doro ko ɗan kwari, ko ya ɗan gangara gefe guda, ƙarƙashinsa kuwa, inda ba a shafa sheƙi ba kuma ido ba ya gani, yakan fi kaushi, wani gefen ya fi wani kauri. Manyan masana'antu suna tantance kayansu su ware waɗanda karkatarsu ta wuce ƙima, amma ko a cikin zaɓaɓɓun da wuya a sami wanda ya miƙe kamar gilashi. Gindin kan famfo kuwa ƙarfe ne da inji ya goge sumul, don haka idan aka ɗora shi a kan tangaran mai doro, wuri biyu ko uku kawai zai taɓa, sauran kuma iska ce.

Masu aikin da suka zo da sana'ar sun san da wannan, kuma tsarinsu ya yi masa tanadi. Tsofaffin besin na Ingila hudarsu mai kusurwa huɗu ce, kan famfon kuma yana da 'yan kunnuwa a ƙarƙashin kafaɗarsa da ke shiga kusurwoyin su hana shi juyawa. Kafin a zaunar da shi sai a yi masa shimfiɗa da foti, wato ƙullin alli da man fenti irin wanda ake riƙe gilashin taga da shi, yadda idan aka ɗaure notin ƙasa fotin zai bazu ya cike duk wani kwari, abin da ya yi saura ya fito ta gefe a goge. A ƙarƙashi kuma ana sa washa tsakanin noti da tangaran, don kada ƙarfe ya ciji kaskon kai tsaye. Hikimar tsarin ita ce ba a tilasta wa tangaran ya miƙe, domin ba zai miƙe ba sai dai ya tsage; abu mai laushi ake sawa ya ɗauki siffarsa, ya raba nauyin ɗaurin a ko'ina.

Kayan zamani sun sauya siffa, amma ƙa'idar tana nan. Hudar besin yanzu zagayayya ce, mai faɗin kusan milimita 35 idan na famfo mai haɗa ruwan zafi da na sanyi ne, zoben roba ya maye gurbin foti, a ƙarƙashi kuma akwai babban noti, ko kuma faifan ƙarfe mai lanƙwasa da ake matsewa da dogon sukuru ɗaya ko biyu. Gwanin mai aiki yakan fara da bambance matsala biyu da ake yawan cakuɗawa, wato besin da aka kafa a karkace jikin bango, da besin da fuskarsa ce ba daidai ba. Na farko maganinsa a bango yake, sai an ɗora ma'aunin daidaito mai ƙwayar iska an gyara zaman ƙusoshi ko ƙafar da ke riƙe da shi, kuma duk abin da aka yi wa kan famfo kafin nan ɓata lokaci ne. Na biyu kuwa sai a zura kan famfon a hudar ba tare da an ɗaure ba, a girgiza shi a ga gefen da yake ɗagawa, a shafa ƙarƙashin da yatsa a ji inda ƙulli yake. Idan ƙullin ƙarami ne a goge shi a hankali da takarda mai yashi, amma a ƙarƙashi kawai, domin sheƙin sama idan ya kankare ba ya dawowa. Idan kaurin ne ya bambanta sai a cike gefen da ya gaza da washar roba mai kauri ko wadda aka fiƙe gefe ɗaya, yadda noti zai zauna a miƙe. A sama kuma, inda zoben roba ya kasa rufe kwarin, a share wurin ya bushe sarai, a zagaya gindin da siririn silikon, wato gam mai laushi da ke bushewa ya zama kamar roba. Daga nan a ɗaure da hannu har ya tsaya, a duba bakin famfon yana kallon tsakiyar kaskon, sannan a ƙara kaɗan da doguwar sifanar da aka yi don shiga wannan lungu, idan sukuru biyu ne kuma a riƙa bin su bi da bi. A ƙarshe a haɗa tiyon ruwa ba tare da ya murɗe ba, a bar silikon ya kwana kafin a jiƙa wurin.

Abin takaici shi ne yadda wannan sani ya yi ƙaranci a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Daga 1986, da shirin gyaran tattalin arziki ya karya darajar naira, kayan Ingila da Italiya suka fi ƙarfin yawancin masu gini, kasuwa ta cika da kaya masu araha hawa-hawa, daga masu kyau zuwa waɗanda ba su cancanci a saka a gida ba. Besin mai rahusa ya fi karkata, kan famfo mai rahusa kuma sau da yawa na tutiya ne da aka yi wa rufin sheƙi maimakon tagulla, haƙoransa ba sa jure ɗauri, notinsa na roba ne mai saurin zamewa. Mai aikin da bai san dalilin shimfiɗa ba, idan ya ga famfo yana rawa, abin da ya sani shi ne ƙara ƙarfi, har noti ya ci haƙoransa ko tangaran ya yi tsagar da ba a gani sai bayan watanni. Wani ya cusa leda ko tsinken katako, wani ya naɗa tsohuwar robar tayar keke, wani ya lafta farin tif ɗin da aka yi don toshe haƙoran bututu, wanda ba ya hana motsi ko kaɗan. Mafi muni shi ne mai cike ƙarƙashin da siminti ko gam mai ƙanƙarewa kamar dutse, domin ranar da kan famfon ya lalace sai an fasa besin kafin a cire shi. Lalacewar kuma ba ta da nisa, saboda kan famfo na yanzu da faifai biyu na tangaran yake datse ruwa a cikinsa, yashin da ke biyo ruwan burtsatse kuma yakan karce su, abin da a da ake gyarawa da washa guda ya koma sai an sauya.

Kan famfon da ke rawa ba a nan ɓarnarsa take tsayawa ba. Ruwan da ya fantsama a dandamali yakan bi ta gindinsa ya sauka kan noti, tsatsa ta kama, ɗaurin ya ƙara sakewa, kowane juyi kuma yana murɗa tiyon da ke ƙasa har wata rana ya tsinke. A garin da ruwan gwamnati ke zuwa ba zato, sau da yawa cikin dare, irin wannan tsinkewa takan cika ɗaki kafin a farka. An faɗaɗa matatar Chalawa a shekarun 1970 da 1990, an kuma buɗe sabuwar matatar Tamburawa mai tace lita miliyan 150 a rana a 2008, amma yawan jama'a ya tsere wa duk wannan, har gidaje da dama suka koma ga burtsatse da tankin sama, marasa hali kuma ga 'yan garuwa masu tura kura cike da jarkoki. A irin wannan gida kowane ɗigo kuɗin mai ne ko kuɗin wuta da aka kashe wajen tura ruwa sama. Tankin ma yana da tasa matsalar, domin matsin ruwa yana bin tsayin tankin ne, alhali tankin gidaje da dama ba shi da tsayi sosai, famfon da aka ƙera don ruwa mai ƙarfi kuma sai ya riƙa tsiyaya, mai amfani da shi ya yi ta murɗa da jijjiga yana zaton toshewa ya yi.

Hukumomin da za su iya cike wannan giɓi suna nan, daga asusun horar da ma'aikatan masana'antu da aka kafa a 1971 zuwa hukumar jarrabawar sana'o'i da fasaha da aka kafa a 1992, ga kuma kwalejojin fasaha na jiha da ƙungiyoyin da masu aikin famfo suka kafa wa kansu. Abin da ya rage shi ne horon ya isa ga yaran da ke rumfunan kasuwa da wuraren gini, cikin harshen da suke ji, a koya musu halin tangaran da tagulla da roba tare da riƙon sifana, a kuma daina sallamar yaro a matsayin gwani don kawai ya iya haɗa bututun roba da wuta. Masu gini su ma suna da nasu rabon, domin wanda ya kashe dukiya a tayil da fenti sannan ya nemi mafi arahar kan famfo da mafi arahar mai ɗaurawa, shi ya zaɓi yoyon da kansa. Maigidan da aka ce an gama masa aiki, kafin ya biya lada, ya kama kan famfon ya girgiza, ya zuba ruwa a gindinsa, sannan ya leƙa ƙarƙashin besin da tocila. Idan ya motsa, ko laima ta bayyana a jikin noti, a kwance a sake.